Mutumin da ya zo da tsohuwar L300 yana son koyo da hannunsa

Garejina ƙarami ne, rami ɗaya, jak biyu, sai ni da yara uku. Mafi yawan aikinmu tsofaffin motoci ne masu jan taya huɗu, irin waɗanda babu inda za a jona musu kwamfuta ta faɗi ciwonsu, sai dai a saurara da kunne a taɓa da hannu. Shekarata 22 a wannan sana'a, kuma masu kawo mota kusan duk iri ɗaya ne: su ajiye makulli, su tambayi ranar da za su dawo.

Wannan mutumin daban ya zo. Ma'aikacin ofis ne, ya haura arba'in, bai taɓa riƙe sifana ba. Ya sayi Mitsubishi L300 ƙirar 1991, mai injin dizal, da niyyar ya riƙa tafiya mai nisa da iyalinsa ta hanyoyin da babu kwalta. Ya ce mini, "Maigida, ba gyara kaɗai na kawo ba. Idan motar nan ta tsaya mini a daji, ba ni da kowa sai kaina. Ina son in san ta." Na dube shi, na dubi hannunsa. Na ce, "Malam, idan za ka iya zuwa duk ƙarshen mako, ka kuma yarda za ka yi datti, ga wuri nan."

Sharaɗi ɗaya na ƙara masa, ya sayi littafin gyaran motar da kuma littafin rubutu. Duk abin da muka taɓa sai ya rubuta kwanan wata da kilomitar da agogo ya nuna. Tsohuwar mota ta ratsa hannaye da yawa, babu wanda zai gaya maka gaskiyar abin da aka yi mata. Tarihinta daga ranar da ta shigo hannunka yake farawa.

Makon farko ban bar shi ya kwance ko noti ɗaya ba. Wanke ta muka yi, ciki da ƙasa, don yoyo ba ya nuna kansa a kan injin da baƙin mai da ƙura suka lulluɓe. Sannan na koya masa ɗaga mota. A nan ba na sassauci ga kowa. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin mota sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe, an toshe tayoyin da ke ƙasa, an girgiza ta an tabbatar ta zauna. Motar da ta kusa tan biyu idan ta sauka a ƙirjin mutum, babu sauran magana.

Da muka shiga rami sai na ba shi guduma ƙarama na ce ya bi shasi yana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji ya yi shiru kamar ka bugi busasshen itace. Ya sami wurare biyu kusa da inda sifirin na baya yake kamawa. Na fi damuwa da wannan fiye da komai na injin, domin injin ana iya sauke shi a sake, amma shasin da ya ruɓe shi ke kai irin waɗannan motoci kasuwar 'yan gwangwan. Nasa bai yi nisa ba, mun yanke mun yi walda.

Daga nan sai mai. Mutane suna tuna baƙin man injin, su manta cewa mota mai jan taya huɗu tana da wasu wurare huɗu da ke shan man giya: akwatin giya, akwatin da ke raba ƙarfi zuwa gaba da baya wanda muke kira okzileri, da difarenshal na gaba da na baya, masu raba ƙarfi tsakanin tayar hagu da ta dama. Ya ɗauki sifana zai kwance notin zubarwa na ƙasa, na riƙe hannunsa. Na ce ya fara da notin zubawa na sama. Ya tambayi dalili. Na ce, idan ka zubar da man, sannan ka tarar na saman ya ciza ya ƙi kwantuwa, me za ka yi da mota babu mai a cikinta? Kuma haka aka yi, na difarenshal ɗin gaba sai da muka jiƙa shi da man sassauta tsatsa, muka ɗan ba shi zafi, kafin ya motsa. Man da ya fito ba baƙi ba ne, fari-fari ne kamar an dama shi, alamar ruwa ya shiga lokacin da wani ya ratsa rafi da motar. A kan notin akwai maganaɗisu. Na sa ya shafa abin da ya manne da yatsa. Garin ƙarfe mai laushi kamar kwalli ba abin tsoro ba ne, haƙoran giya suna ci a hankali. Da ɓarɓashi ya ji mai kaifi yana sukar yatsa, da sai mun buɗe. Ya daɗe yana murza garin nan tsakanin yatsunsa, kuma daga ranar ya daina jin tsoron ƙasan motar.

Ita L300 tana da halinta. Injinta a ƙarƙashin kujerun gaba yake, sai ka ɗaga kujera kafin ka gan shi, wurin kuma a matse yake, zafi ba ya saurin fita. Mitsubishi ta fara fitar da mai jan taya huɗu a 1982, da kayan ƙafa irin na Pajero, irin tasa kuma tsarin da ya fito a 1986 ne. Injin 4D56 ne mai lita 2.5. Injin ne mai haƙuri, amma kansa na alminiyam ne, idan ya tafasa sau ɗaya da kyau yana iya tsagewa. Shi ya sa muka ɓata makonni biyu cur a kan ruwa kaɗai. Mun cire lagireto mun wanke, mun canza murfinsa da tamostat, mai daidaita zafin injin, da duk tiyon da ya kumbura ko ya yi tauri. Wasu suna cire tamostat su yar, wai don injin ya yi sanyi. Ban taɓa yarda da wannan ba, injin dizal da ba ya kai zafin aikinsa hayaƙi yake yi, yana kuma cin kansa. Na kuma ja masa kunne kada ya kuskura ya buɗe murfin lagireto injin na da zafi.

Aiki mafi nauyi da ya yi shi ne tamin bel. A wannan injin bel biyu ne, babba mai juya kamshaf da famfon man dizal, da ƙarami mai juya sandunan da ke rage girgiza. Ana canza su wajen kowace kilomita 100,000, kuma tare ake canza su, domin ƙaramin idan ya tsinke yakan faɗa cikin babban ya tsallakar da shi, fistin ya haɗu da bawul. Babu takardar da ta nuna ranar da aka canza nasa, don haka muka ɗauka ba a taɓa ba. Na nuna masa alamomin da ke kan fuli, na ce ya daidaita su ya ɗauki hoto da wayarsa kafin ya cire komai. Da ya ɗaura sababbin, ya miƙa hannu zai murza makulli. Na ce a'a, ya sa sifana ya juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, ya sake duba alamomin. Na famfon mai ya kauce da haƙori ɗaya. Ya kwance, ya sake, ya juya, suka zauna daidai. Ban taɓa bel ɗin nan da hannuna ba ko sau ɗaya.

Wata rana ya kira ni cikin damuwa. Ya sa motar a 4H, wato jan taya huɗu, bayan ruwan sama, ya hau kwalta bai cire ba, yanzu sitiyari ya yi nauyi, tayoyi suna kuka a kwana, sandar okzileri ta ƙi dawowa. Na ce kada ya tilasta mata. Irin wannan mota ba ta da difarenshal a tsakiya, idan an sa huɗun, gaba da baya a ɗaure suke da juna. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, a kan yashi ko laka taya na ɗan zamewa ta sauke bambancin, a kan busasshiyar kwalta kuwa ƙarfin taruwa yake a cikin giya da furofela, sandar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyi. Na ce ya sauka gefen hanya inda akwai ƙasa, ya yi baya a hankali 'yan mitoci, ya gwada. Ina riƙe da waya na ji ya ce, "Ta fita, Maigida." Na ƙara masa da cewa kishiyar wannan ma illa ce. Wanda bai taɓa sa huɗun ba wata da watanni, kayan gaba bushewa suke, don haka ya riƙa sa ta lokaci lokaci a hanyar ƙasa, mai ya zagaya.

Yarana sun taɓa tambayata ko ba ciniki nake korarwa ba, tunda mutumin yanzu shi ke canza mansa da filta da takalmin birki. Lissafina bai nuna haka ba. Wanda ya san motarsa yana kawo ta ne tun ciwo na ƙarami, ya kuma iya faɗin abin da ya ji. A da sai ya ce "tana wata ƙara". Yanzu cewa yake ƙarar daga gaba ta hagu take, tana ƙaruwa idan ya karya dama, ba ta canzawa da giya. Wannan ai ya riga ya gaya mini boris ɗin taya ne. Ayyukan da suka fi ƙarfinsa, famfon mai da nozil da buɗe akwatin giya, ya san iyakarsa, nan yake kawowa. Ya kuma turo mini mutum uku masu irin motarsa.

Abin da na fi wahalar cire masa shi ne sayen kaya kafin bincike. Motar ta taɓa ƙin tashi da safe, ya zo da sabuwar sitata a leda. Na ba shi mita na ce ya auna batir. Ya ga bolt 12.6, lafiya lau. Na ce ya bi waya. Ya tarar da wayar da ke haɗa batir da jikin mota ta yi kore, notinta yana lilo. Ya goge ta da takardar yashi, ya ɗaure, motar ta tashi da bugu ɗaya. Sitatar tana nan a kan kantar garejina cikin ledarta, ya ce in ajiye masa.

Watan da ya wuce ya yi tafiyar da ya sayi motar dominta. A hanya fanbel ya tsinke. Ya ga fitilar caji ta kama, ya tsaya nan take kafin allurar zafi ta hau, ya jira injin ya huce, ya ɗaga kujera ya ɗaura wanda ya ajiye a akwatin kayansa. Da ya dawo ya buɗe mini littafinsa, ga kwanan wata, ga kilomita, ga lambar bel ɗin. A ƙasa ya rubuta cewa giciyen da ke mahaɗar furofelar baya ya fara ɗan wasa. Na shiga rami na girgiza shi, haka ne kuwa. Mun sa ranar Asabar mai zuwa, shi zai cire.