Littafin musun fadarmu: abin da muka faɗa a Maris, abin da ya faru a Disamba

Duk ƙarshen shekara idan an gama kakar tseren motoci ta Formula 1, babu mutum ɗaya a fadarmu ta Sabon Gari, nan Damagaram, da ke yarda cewa hasashensa ya sha ƙasa. Kowa "ai na faɗa tun farko" yake cewa. Abin ya ishe ni, shi ya sa gab da fara kakar 2025 na sayi ɗan littafin rubutu irin na ƴan makaranta, na ce duk wanda ya yanke hukunci a kan direba ko mota zan rubuta, da ranar da ya faɗa. Aka yi dariya, aka ce to malam magatakarda, bismilla.

Ba mu da yawa masu kallon wannan tsere a gari. Ƙwallo da kokowa su ne na kowa. Mu dai muna haɗa kuɗin dekoda duk wata, mu ajiye talabijin a zauren maigidan fada, mu saurari masu sharhi da Faransanci, wanda bai ji ba a fassara masa. Kuma tun da daɗewa mun kasu gida uku. Mafi yawa na Lewis Hamilton ne, kuma ba a ɓoye dalili: shi kaɗai ne baƙar fata a cikin direbobin, ya ci kambu bakwai daidai da Michael Schumacher, sannan har yau ba su huce da abin da ya faru a Abu Dabi a 2021 ba, ranar da kambu na takwas ya kuɓuce masa a zagayen ƙarshe. Samarin kabu-kabu na Max Verstappen ne, saboda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kwana. Sai dattawa biyu-uku da suka fara kallo tun zamanin Schumacher, su jar motar Ferrari kawai suka sani, ko wa ke ciki. To da Hamilton ya bar Mercedes bayan shekara 12 ya koma Ferrari, sai gida biyu suka zama ɗaya, baki ya yi yawa. Shafin farko na littafin kusan magana ɗaya ce aka maimaita: bana kambu na takwas ya zo.

A ƙarshen Fabrairu aka yi gwajin motoci na kwana uku a Baharen, sai ga Carlos Sainz a motar Williams ya fi kowa sauri a zagaye guda. Nan take wani ƙanenmu ya ce in rubuta ƙungiyar Williams ta dawo da ƙarfinta na da. Akwai makaniki a cikinmu, mai gareji a hanyar kasuwar Dole, mutum ne marar yawan magana. Ya ce, "Ƙanena, ka san man da ke cikin tankinsa? Ka san wace taya ya sa?" A gwaji kowace ƙungiya tana ɓoye ƙarfinta. Wata ta zuba mai kaɗan don mota ta yi sauƙi ta burge masu ba ta kuɗin talla, wata ta cika tanki ta rage ƙarfin inji don kada a gane ta. Na rubuta maganar yaron, na rubuta ta makaniki a ƙarƙashinta.

Tseren farko ya faɗo ranar 16 ga Maris a Melbon ta Ostareliya, cikin azumi, ƙarfe biyar na asuba agogonmu. Kowa ya zo da kwanon sahur ɗinsa, aka ɗora shayi a kan gawayi, aka rage murya saboda maƙwabta. Can kuwa ruwa ake yi. Tun ba a tashi ba, a zagayen ɗumama taya, sabon yaro Isack Hadjar, Bafaranshe ɗan asalin Aljeriya, ya sulluɓe ya daki shinge. Ya fito yana kuka cikin hular kwano, mahaifin Hamilton ya tare shi ya dafa kafaɗarsa. Wani a zauren ya ce, "Wannan yaron ba zai kai Babbar Salla ba, rubuta." Na rubuta. Aka tashi tsere, Sainz ɗin da aka ce ya dawo da Williams bai gama zagaye ɗaya ba ya yi waje. Muka je masallaci muka dawo, ana nan ana fafatawa.

Wurin da abin ya yi daɗi shi ne kusan ƙarshe. Hanya ta bushe, kowa ya cire taya mai zane ta ruwa ya sa mai sulɓi, sai ruwan ya sake saukowa. Motocin McLaren biyu da ke gaba suka zame tare. Lando Norris ya samu ya dawo hanya ya shige wurin canjin taya nan take, Oscar Piastri kuwa ya maƙale a ciyawa yana ta fama da giyar baya a gaban mutanen garinsu. Ferrari ta ce wa direbobinta su ci gaba da busasshiyar taya, sai ga sunan Hamilton a saman allo, shi ne na ɗaya. Zauren ya kaure, aka manta da maƙwabta, har kofin shayi ya kife a tabarma. Ba a yi minti biyar ba ruwan ya ƙaru, dole suka shiga canji a makare. Norris ya ci, Verstappen na bin sa da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, George Russell na uku, Hamilton na goma da maki ɗaya tak. Motoci shida ba su gama ba.

Abin da aka sa na rubuta a safiyar nan: Ferrari ta ci amanar Hamilton. Hamilton ya tsufa (wannan daga bakin ƴan kabu-kabu). Piastri ba shi da zuciya. Norris ya riga ya ci kambu. Duk a kan tsere ɗaya cikin 24, kuma tseren da ruwan sama ya yamutsa.

Mako na gaba a Shanghai aka juya komai. Ranar Asabar Hamilton ya tashi a gaba a gajeren tsere ya kuma ci, wanda ya ce ya tsufa ya yi shiru, sauran suka ce in yage shafin Melbon. Na ƙi. Ranar Lahadi Piastri marar zuciya ya ci babban tseren, kuma bayan an watse sai labari ya zo a waya cewa an soke sakamakon motocin Ferrari duka biyu. Ta Charles Leclerc ta gaza nauyin da doka ta sa, kilo 800, da kilo ɗaya. Ta Hamilton kuma wai katakon ƙarƙashinta ya cinye fiye da kima. Nan mutane suka ce maƙarƙashiya ce, an sake yi masa irin ta 2021.

Da yamma bayan shan ruwa makaniki ya zo da guntun katako da awon ƙarfe na garejinsa. Ya ce a ƙarƙashin kowace mota akwai wani falle mai kaurin milimita 10, kuma in an gama tsere dole a same shi bai gaza 9 ba. Ya buɗe awon ya nuna mana rabin milimita, abin da bai kai kaurin farce ba, ya ce a kan kusan wannan aka kori Hamilton. Dalilin dokar kuwa, motocin 2022 zuwa 2025 iskar da ke bi ta ƙarƙashinsu ce ke tsotse su zuwa ƙasa, don haka duk wanda ya ƙara sunkuyar da motarsa zai ƙara riƙe hanya a kwana. In ba a sa iyaka ba kowa zai riƙa jan cikinsa a kwalta har a yi haɗari. "Ba mugunta ba ce, Alhaji," ya ce wa maigidan fada. "Motar ce ba ta gudu sai an danne ta ƙasa, in an danne ta kuma ta karya doka. Wannan ciwon zai bi su har ƙarshen shekara." A duk abin da na rubuta a watan Maris, wannan ce maganar da ta fi tsayawa da ƙafarta, kuma wanda ya faɗe ta ba ya goyon bayan kowa.

Ba mu kaɗai ke da gaggawa ba, har masu abin. Bayan tsere biyu kacal Red Bull ta sauke Liam Lawson ta ɗauko Yuki Tsunoda ya zauna kusa da Verstappen. Fada ta yi na'am, an ce yanzu za a ga aiki. Tsunoda ya ƙare shekara bai shiga ukun farko ko sau ɗaya ba, Lawson kuwa da ya koma ƙaramar ƙungiyarsu har na biyar ya zo a tseren Baku ta Azarbaijan.

Ɗaya daga cikin dattawan Ferrari, wanda ya yi kiwon dawaki a ƙuruciyarsa, shi ya ba ni hanyar karanta abin. Ya ce, "Ɗana, a filin sukuwa kafin ka yabi mahayi, tambayi dokin wa ya hau." Daga nan na daina rubuta wanda ya ci kawai. Na koma duba abu biyu. Na farko, direba da abokin zamansa a ƙungiya, tunda kowace ƙungiya direba biyu gare ta, su kaɗai ke kan mota iri ɗaya. Idan Verstappen na fafatawar zama na ɗaya abokinsa na can baya, to hannunsa ne, motar ba ta kai haka ba. Idan Norris da Piastri duka suna gaba, motar ce. Kuma idan Leclerc na gaban Hamilton mako bayan mako, ba za a ɗora wa Ferrari laifin duka ba, ko da faɗin haka a zaurenmu na iya hana ka shayi na biyu. Na biyu, taya. Kamfanin Pirelli ke ba kowa iri ɗaya, mai jan zobe mai laushi, mai rawaya matsakaiciya, mai fari mai tauri. Zagaye ɗaya kowa na iya yin sauri. Abin dubawa shi ne wa ke riƙe saurinsa bayan zagaye ashirin a kan taya guda, lokacin da ta wasu ta yi zafi ta fara sulɓi. A nan McLaren ta fi kowa tun Melbon, kuma wannan bai canza ba ko da Verstappen ya ci tseren Suzuka ta Japan bayan Ƙaramar Salla, fada ta ce Red Bull ta farfaɗo. Piastri ya ci Baharen, ya ci Jidda, ya ci Miyami a jere.

Wani lokaci ina tunanin da a ce muna da tsere a nahiyar nan da musun ya rage zafi, don da an samu wanda ya je ya gani. Rabon Afirka da shi tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993. Ruwanda ta bayyana a Disamban 2024 cewa tana nema. Dattawanmu dai sun fi mu, su sun ga motocin gasar hamada ta Paris-Dakar da idonsu lokacin da suke ratsa Agadas da Tenere.

Ranar 7 ga Disamba aka rufe kaka a Abu Dabi, da daddare na buɗe littafin na karanta wa kowa nasa. Norris ya ci kambu da maki 423, Verstappen 421, Piastri 410. Wanda ya ce tun Maris Norris ya ci ya miƙe yana bugun ƙirji, sai na karanta masa abin da ya sa na rubuta a ƙarshen Agusta, bayan motar Norris ta mutu a Holan, Piastri ya ba shi tazarar maki 34: ya ce Norris ya gama yawo. A ranar tseren Holan ɗin Verstappen na baya da maki 104, ƴan kabu-kabu da kansu sun ce a bari sai baɗi, ga shi ya ƙare da tsere takwas a hannu, fiye da kowa, maki biyu suka raba shi da kambu. Hadjar da aka ce ba zai kai Babbar Salla ba ya zo na uku a wannan tseren na Holan, har an ɗaga shi zuwa Red Bull. Sainz ya shiga ukun farko sau biyu da Williams, don haka ƙanenmu ma ya samu abin riƙewa. Hamilton kuwa, karo na farko tun da ya fara a 2007, ya gama shekara bai shiga ukun farko a babban tsere ba. Masu cewa katakon Shanghai maƙarƙashiya ce na tuna musu Las Begas, inda aka soke motocin McLaren biyu a kan laifi iri ɗaya ana saura tsere biyu a gama.

Ba ina cewa farkon kaka ƙarya yake yi kullum ba. A 2009 Jenson Button ya ci shida cikin bakwai na farko kuma ya ɗauki kambu. A 2014 da aka sauya injuna, Mercedes ta fito da ƙarfi tun ranar farko ta ci 16 cikin 19. Amma a 2022, ita ma shekarar sabuwar doka, Leclerc ya ci biyu cikin uku na farko, ya ba Verstappen tazarar maki 46, aka ƙare Verstappen ya ci tsere 15. Bambancin shi ne ko fifikon a inji yake, wanda ba a gyarawa cikin wata biyu, ko a jikin mota, wanda masu kuɗi ke iya kwaikwaya su wuce ka.

Wannan tambayar ce za ta yi aiki a 2026, don an sake komai: kusan rabin ƙarfin mota daga batir zai fito, Audi ta karɓi Sauber, Cadillac ta shigo ta zama ƙungiya ta 11, Red Bull za ta hau injin da ta ƙera da kanta tare da Ford, Aston Martin ta koma injin Honda. Makaniki ya ce a tseren farko kada in dubi wanda ya ci, in ƙirga motoci nawa masu inji iri ɗaya ne suka shiga goman farko, da nawa suka mutu a hanya. Na ware wa wannan shafi guda. Mutanen Hamilton kuma sun riga sun sa na rubuta cewa sabuwar doka ta dace da hannunsa.