Wata na biyu ne ke gwada mai shafin kuɗi

Shekara uku ke nan da na buɗe shafin intanet inda nake koyar da kiwon kaji, wanda darussansa ba sa buɗuwa sai ga wanda ya biya kuɗin zama mamba. Kafin nan ina amsa tambayoyi kyauta a wani rukunin WhatsApp, har ta kai ana kirana da tsakar dare saboda 'yan tsaki sun fara zawo ko kaji sun daina cin abinci, sai na ga abin ya wuce taimako ya zama sana'a. Marubutan labaran Hausa na intanet sun riga ni a wannan hanya, domin sun daɗe suna sayar da littattafansu a rukunonin da sai an tura kuɗi ko katin waya ake saka mutum. Ni dai na fi son wurin da darasi zai zauna a tsare, ba inda zai nutse a ƙarƙashin gaisuwar safe da saƙonnin barka da Juma'a ba.

Ginin shafin bai cinye mini lokaci ba. Na ɗora shi a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, na ƙara masa manhajar Paid Memberships Pro wadda ke kulle darussa ga wanda bai biya ba, na sayi suna mai ƙarewa da .com.ng, sannan na yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Wajen karɓar kuɗi na zaɓi Paystack, kamfanin da aka kafa a 2015 kuma Stripe na Amurka ya saya a 2020. Tsarinsu na cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, amma ba a cire wannan ɗarin idan kuɗin bai kai naira 2,500 ba, kuma wannan ne ya sa na tsayar da farashin farko a naira 2,000 a wata. Na duba Patreon, wanda masu fasaha a Turai da Amurka ke amfani da shi wajen karɓar kuɗi daga mabiyansu tun 2013, sai na ga ba a biya da naira a can, alhali mutanena masu kaji ɗari biyu ne a bayan gida.

Watan farko ya yi daɗi, domin waɗanda suka san ni sun shigo da zumuɗi. A wata na biyu ne na gane ban san mutanen da nake hulɗa da su ba. Na saita shafin ya riƙa cire kuɗi daga katin mamba kai tsaye duk wata, kamar yadda ake yi a ƙasashen waje, ban yi tunanin yadda mutuminmu zai ji idan ya ga saƙon banki an taɓa masa kuɗi bai danna komai ba. Wani dattijo ya kira ni, ya gaishe ni cikin mutunci, sannan ya ce, "Malam, yaushe na ba ka makullin asusuna?" Na yi masa bayanin cewa ya amince da hakan ranar da ya yi rajista, amma a raina na san shi ne da gaskiya, tun da rubutun da ya amince da shi da Turanci yake kuma da ƙananan haruffa. Wasu kuma katinsu ya daina aiki, wasu asusun babu kuɗi a ranar, shafin ya rufe musu ƙofa ba tare da ko sallama ba, suka ɗauka korarsu na yi.

Na cire wannan tsari gaba ɗaya. Yanzu mutum yana biyan wata uku a dunƙule ta hanyar tura kuɗi, kuma mako guda kafin wa'adinsa ya cika ina aika masa da tunatarwa da Hausa. Na kuma lura cewa kalandar kaji ce ke juya shafin, ba tawa ba. Masu kajin nama, waɗanda ke kaiwa sayarwa cikin mako shida zuwa takwas, suna cika shafin gabanin Sallah da Kirsimeti, suna sayarwa su ɓace. Masu kajin ƙwai, da sai sun yi rainon kusan wata biyar kafin su ga ƙwan farko, su ne ke zama shekara da shekaru, don haka na karkata yawancin darussa gare su.

Akwai kuma batun kashe kuɗi. Hayar rumbun intanet da shafin ke zaune da dala nake biya, kuma bayan an saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi a watan Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, yayin da kuɗin da nake karɓa bai motsa ba. Da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, dogayen bidiyona suka zama nauyi ga mambobi, sai na gutsuttsura su, na yawaita saƙon murya, wanda ya fi yi wa waɗanda karatun boko bai zauna musu ba sauƙi.

Satar darasi ta dame ni da farko, domin bidiyona kan rigakafin cutar Gumboro da kuma Lasota, rigakafin cutar Newcastle, ya zaga rukunoni da yawa ba da izinina ba. Daga baya na daina bin sawunsa. Abin da ake iya turawa ba shi ke riƙe mamba ba. Abin da ke riƙe shi shi ne ya turo hoton kashin kajinsa da safe ya sami amsa kafin azahar, ya kuma ga farashin masara da waken soya na kasuwar Dawanau da nake sakawa duk mako, kafin ya yanke shawarar haɗa abinci da kansa ko sayen na buhu.

Kwanan baya wani dillalin abincin kaji ya nemi in sayar masa da lambobin wayar mambobina. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana irin wannan ba tare da yardar masu lambobin ba, amma ba ita ta fara zuwa mini a rai ba, muryar dattijon nan ce, wanda har yau yana cikin shafin kuma ya riga ya biya na wata uku masu zuwa.