Asabar ɗin da na raba moɗa

Jidda, Asabar da dare.

Tukunyar robar da moɗata ke ciki ta kumbura ta gefe ɗaya har ta fara tsagewa, saiwa na neman hanyar fita. Yau da ba aiki na ce sai na raba ta. A falo na baza leda na zauna ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don barandarmu ba ta zaunuwa da hantsi a wannan watan. Zafin Jidda da danshin teku yake zuwa, kana tsaye kawai riga ta manne maka a baya.

Moɗar dai ita ce wadda muka sani a gida, mai ganye masu kauri a tsaye kamar takubba. Asalinta yankinmu ne, daga Najeriya har Kwango, kuma da zaren ganyenta mutanen da ke yin igiya da tsirkiyar baka. A nan kuwa sai a dasa ta a tukunyar tangaran a tsuga mata kuɗi. Takardar da aka liƙa wa tawa an rubuta Sansevieria, sunan da masana tsirrai suka sauya tun 2017 suka haɗa ta da dangin Dracaena, amma da alama labarin bai iso wa masu shago ba.

Ina cikin matsa tukunyar ta gefe-gefe don ƙasar ta saki, sai ga sallamar Goggo ta bene na biyu. Ta zauna tana kallo, can ta ce, "'Yar nan, ki yanko mini ganye ɗaya daga mai bakin ruwan ɗorawar nan. Bara na dasa ganyen irinta, ya yi 'ya'ya, amma duk kore shar suka fito. Ina jin hannuna ne."

Na ce, "Goggo, ba hannunki ba ne. Ko wa ya dasa ganyen haka zai fito."

Abin da ke faruwa shi ne, ruwan ɗorawar nan a gefen ganye kaɗai yake, sabon tsiro kuma daga koren naman tsakiya yake tasowa, shi ya sa ba ya gado adon. Mai son ta da adonta sai ya raba ta daga tushe. Goggo ta ce to Allah Ya sa tushen ya ishe mu.

Ya ishe mu kuwa. Da na zare ta gaba ɗaya, ƙasar ma kaɗan ta rage, duk saiwa ta cinye wurin. Na karkaɗe da yatsu har jijiyar da ke haɗa su ta bayyana, kaurinta ya kai babban yatsa, bayanta ruwan lemo, cikinta fari sol. Daga jikinta kowane gungu na ganye ke fitowa, har da wasu ƙanana masu tsini da ba su kai ga leƙo sama ba. Na wanke wuƙa da sabulu, na bi jijiyar ina yankawa tsakanin gungu da gungu, ina lura kowanne ya tafi da nasa siraran saiwoyin. Sai na jera su a kan kwali bakin yankan ya sha iska.

Ƙasar da ake sayarwa a leda a nan baƙa ce mai laushi, tana riƙe ruwa fiye da kima, moɗa kuma ba abin da ke kashe ta irin jiƙa. Na cuɗa ta da fararen tsakuwoyin nan marasa nauyi, falayit, kusan rabi da rabi. Goggo ta ce me ya hana mu ɗebo yashi a Korniche, bakin tekun Jidda, kyauta. Na ce gishirinsa zai ƙone saiwar. Kowace tukunya na duba gindinta na tabbatar da huda.

Ganye biyu sun karye a wajen cirowa, ban zubar ba. Na yayyanka su tsawon kamar santimita 10, kowane yanki na yi masa tsaga a ɓangaren ƙasa don in gane, domin idan aka dasa shi a kife ba zai yi saiwa ba ko zai shekara. Za su kwana biyu suna bushewa kafin su shiga ƙasa. Waɗannan sai an yi haƙuri da su, saiwa kan ɗauki wata guda ko biyu, 'ya'ya kuma sai bayan nan, kuma korensu za su fito.

Muna wanke hannu Goggo ta ce a ɗakin kwana za ta ajiye tata, don an turo mata a WhatsApp cewa tana tace iska. Maganar tana da tushe. Hukumar NASA ta Amurka ta gwada ta a 1989, sai dai a cikin rufaffun akwatuna aka yi gwajin, tukunya ɗaya ba za ta tace ɗaki ba. Gaskiya ne kuma da dare take buɗe ƙofofin ganyenta, dabarar tattalin ruwa ce. Ni dai abin da na fi jaddada mata shi ne ta ɗora ta inda jikanta mai rarrafe ba zai kai ba, don tauna ganyen na sa amai da ciwon ciki.

Bayan la'asar na dasa masu saiwar duka. Na ware ɗaya ta ƙanwar Maigida da ke Misfala a Makka, sai ranar da muka je Umara. Goggo ta rungumi mafi girma ta sauka, ina binta da gargaɗin kada ta ba ta ruwa sai Juma'a, daga nan ma sai ta tura yatsa ta ji ƙasar ta bushe ƙayau.

Ana idar da sallar isha'i wayata ta yi ƙara. "'Yar nan, ko ɗan yayyafi ma kada in yi mata?" Na ce ko ɗigo. Ta ce wannan ai rashin imani ne, shuka a garin nan a hana ta ruwa kwana shida, amma ta ji.