Talata a Makka: jakar Hajiya da agogon kyamara

Bayan sallar Asuba ban koma barci ba, don tun jiya manajan otal ɗinmu ya ce in sammako. Wata Hajiya 'yar Gusau ce ta ce an shiga ɗakinta an ɗauke mata ƙaramar jaka. Rajistar katin ƙofa ta nuna an buɗe ɗakin da ƙarfe 2:14 na rana, amma da aka duba kyamarar baranda a daidai wannan lokacin, babu kowa. Har an fara yi wa masu shara wani irin kallo.

Ni dai da nake kula da na'urorin otal ɗin, ina jin haka na zargi agogo. Kyamarorinmu daga babban suwic, na'urar da ke haɗa su da sauran na'urorin otal, suke karɓar lokaci, shi kuma yana ɗaukowa daga waje ta hanyar NTP, tsarin da David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya fitar tun 1985. Kamar isnadin hadisi abin yake, wane daga wane: agogon atom ko GPS shi ne mataki na 0, saba, wato babbar kwamfuta, da ke jone da shi mataki na 1, a haka ake gangarowa har 15. Duk wanda aka ba 16, ba a karɓar ruwayarsa.

Na shiga ɗakin saba da rigar sanyi, na buga show ntp status. 16 ne ɓaro-ɓaro. A jerin sabobin kuma babu ko ɗaya mai alamar tauraro a gefenta, alamar wadda suwic ke bin lokacinta, ginshiƙin reach mai nuna tambayoyin da aka amsa kuma duk sifili. Suwic yana ta tambaya, ba mai amsa masa. Ashe wajen gyaran fayawol, katangar tsaron na'urorinmu, da aka yi watannin baya an toshe ƙofa ta 123 ta UDP, inda NTP ke bi. Tun daga nan kyamarori kowace ta kama gabanta, ta barandar Hajiya ta yi gaba da minti bakwai. A garin da hasumiyar agogo mai faɗin mita 43 ke leƙo mu ta taga!

Da aka buɗe ƙofar sai na ja kujera. Wannan ɓangaren nake so a aikin nan. Duk daƙiƙa 64 suwic ke aika tambaya, lambar reach tana hawa: 1, 3, 7, 17, 37, 77, 177, sannan 377. Yaron da ke koyon aiki a wajena, ɗan Shara Mansur, ya ce, "Yaya, wane irin ƙirge ne wannan, daga 7 sai 17?" Na ce masa ƙirgen takwas-takwas ne, 377 na nufin tambayoyi takwas na ƙarshe duk an amsa. In ka ga 376, ta ƙarshe ce ta ɓace a hanya. Ni lambar nan na fi yarda da ita a kan agogon da ke jikin allo, don agogo yana iya yin daidai yau bisa sa'a kawai. Tauraro ya fito, tazarar lokaci ta sauko zuwa 'yan milisakan. In abin ya zauna, da kansa zai rage tambaya zuwa duk daƙiƙa 1024.

Muka koma faifan jiya, muka duba 2:21. Ga abokiyar ɗakinta nan ta shiga ta fito da jaka, irin tata sak, a kasuwa ɗaya suka saya. Hajiya ta riƙe baki ta ce, "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, da na ɗauki alhakin bayin Allah." Agogon hannunta ma har yanzu lokacin Najeriya yake nunawa, awa biyu baya, ta ce kada in taɓa mata, da shi take sanin lokacin kiran jikoki.

Bayan La'asar na zagaya sauran benaye. Suwic ɗin hawa na tara ba ya zama a 377, wani lokaci 376, wani lokaci 375, ina zargin wayar da ta hau can ce. Gobe in Allah Ya kai mu zan tafi da tsani.