Jar akuyata ba ta san bashi ba

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji haushin kaina, aikin sati ukku na ɓata da hannuna saboda rowar gyaɗa.

Abin ya samo asali ne daga karance-karance a portabul. A 1936 wani John Wolfe a jami'ar Yale ta Amurka ya koya ma birai cimpanzi jefa ƴan faifai cikin na'ura tana ba su inabi, har suka gane fari inabi guda, shuɗi biyu, na tagulla ba komi. Na ce to in biri ya gane kuɗɗi mi zai hana jar akuyar Maradi, wadda ko murfin tukunya buɗewa take yi?

Na samo guntun katako babba wanda ba ta iya haɗiyewa, in ta ɗauka ta saka cikin kwano in ba ta gyaɗa. Wannan bai ba ni wahala ba, cikin kwana goma sha wani abu ta kama, da ta ji motsina sai ta ruga wurin katakon. Inna tana ta dariya wai ɗan nan ka rasa aikin yi, akuya ma ka buɗe mata shago.

To nan shaiɗan ya shigo. Gyaɗar da na sawo ta kusa ƙarewa kuma ban so in sake hidda dala arba'in, sai na hwara nuna mata cikin hannu guda in ba ta rabi, ranar ta biyu na amshi katako sau huɗu ban ba ta ko ƙwaya ba, a raina wai bashi ne gobe in biya. Ina! Ranar ta ukku ta shinshina katakon ta dube ni ta juya ta tahi wurin harawa. Ta daina ke nan.

Abin da ya hi ƙona min rai, na riga na karanta wannan tun kahin in taɓa katako. Binciken Keith Chen da Laurie Santos na 2006 kan ƙananan biran kapucin, birai sun hi son mutum mai nuna masu yankin abinci guda wani lokaci ya ƙara, bisa ga mai nuna biyu wani lokaci ya rage, alhali in an lissahwa duk ɗaya ne. Ragi a gaban ido shi ne ba su so, ni ko shi na yi ta yi mata. Haka a 2003 Sarah Brosnan da Frans de Waal sun ga biri mai miƙa dutse a ba shi abinci yana ƙin kokwamba in ɗan'uwansa ya samu inabi da dutse iri ɗaya, balle a amshe dutsen a ba ka iska.

In za ka gwada, ka aje ladan kahin ka hito da katako, in ladan ya ƙare ka ɓoye katakon kawai kada dabba ta gan shi. Kuma abin da za ka ba ta shi kaɗai za ka riƙe a hannu.

Daga baya jikka guda na kashe ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli don in shawo kanta, ba ta yarda da tsohon katakon ba sam, sai da na canza wani na shahwa mai shuɗi muka koma tun hwarko. Jiya ta saka sau bakwai. Tsohon kuwa inna ta sa shi a murhu.