Yadda Muke Adana Kiɗan Yaranmu a Jos

Ɗiyarmu mai shekara takwas tana koyon piyano, ƙaninta mai shekara shida kuma kalangu ya zaɓa, kuma tun farkon koyon nasu ni da mahaifiyarsu muka yanke shawarar riƙa ɗaukar su bidiyo da waya. Dalilinmu shi ne, kunnen da ke jin kiɗan yaro kullum ba ya lura da ci gabansa, kamar yadda mutum ba ya ganin girman ɗan da suke kwana gida ɗaya.

Duk ranar Asabar bayan la'asar kowannensu yakan maimaita abin da ya kaɗa makon jiya kafin ya shiga sabo, a kusurwa ɗaya ta falo, wayar na jingine a inda ta saba. Sunan kowane bidiyo kwanan wata ne, shekara a gaba, domin su jeru da kansu, sannan mu ajiye kwafi a kwamfuta da Google Drive.

Na yarinyar bai ba mu wahala ba. Kibod ɗinta mai maɓallai 61 ne, bai kai 88 na cikakken piyano ba, amma ya ishi mai farawa. Mukan saita wayar a kan hannuwanta, shi ya sa malamarta ta gano cewa wuyan hannunta na hagu yana sauka duk lokacin da ta haɗa hannu biyu, abin da ba ya fitowa a darasi saboda tana kiyayewa idan ana kallonta.

Kalangu ne ya fi koya mana abubuwa. Ana rataya shi a kafaɗa ya zauna ƙarƙashin hammata. Idan aka matse igiyoyin da suka haɗa fatun bakinsa biyu murya ta hau, idan aka saki ta sauka, da haka yake kwaikwayon hawa da saukar maganar Hausa. A bidiyoyin farko yaron duka kawai yake yi, ya manta da hammatarsa baki ɗaya. Da watanni suka ja, sai ga shi yana kiran sunan yayarsa da kalangun har ta amsa daga kicin, kuma da muka jera tsohon da sabon ya gani da idonsa, bai ƙara cewa ba ya iyawa ba.

A watan Agusta muka ji muryar kalangun ta dushe, na kai wa malaminsa, wani dattijon makaɗi, bidiyon. Ya saurara ya ce, "Alhaji, hannun yaron lafiya lau yake, fatar ce ta sha damina." Laima tana sassauta fata, hunturu kuma yana ɗaure ta, kuma a Jos duka biyun suna da ƙarfi. Tun daga nan muke rubuta yanayin ranar a ɗan littafi.

Mahaifiyata ba ta so lamarin ba, domin a wurinta kiɗa gado ne, mu kuwa ba gidan makaɗa ba ne. Na fahimce ta, amma ina ganin garin da ya fitar da Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015 bayan ya kai kuntigi mai tsirkiya ɗaya ƙasashen duniya, bai kamata yaransa su ji kunyar kayan kiɗanmu ba. Har yanzu ba ta sauko gaba ɗaya ba, sai dai takan nemi a tura mata ta WhatsApp.

Ba ma saka komai a Facebook, kuma ranar da yaro ya ce kada a ɗauke shi, ba a ɗauka. Yanzu mun nemi izinin malamin mu fara ɗaukarsa shi ma yana bayanin kowane take da mai shi, domin duk iliminsa a ka yake, babu ko ɗaya a rubuce.