Ban shirya wa gangarar Galibiye ba

Da keke na tashi. Baba yana da wani tsohon Raleigh da yake hawa daga Tudun Wada zuwa Samaru kullum, a kansa na koyi taka feda, kuma har na gama jami'a ban rabu da keke ba. Don haka lokacin da aka tura ni kwas na wasu watanni kan kimiyyar tsirrai a Girenobul, ƙasar Faransa, da na ji abokan karatu suna shirin hawa mashigin Galibiye da keke, ban tsaya dogon tunani ba na ce a sa da ni. A ganina wanda ya saba ratsa sanyin hunturu da asuba, ya kuma hau dutsen Kufena da ƙafa ba sau ɗaya ba, ba wani tudu da zai gagare shi.

Galibiye hanya ce da aka fasa tsakanin tsaunukan Alps, tsayinta mita 2,642 daga saman teku. Tun 1911 gasar tseren keke ta Tour de France take bi ta wurin. Da damuna ta wuce a can, dusar ƙanƙara kan rufe hanyar tun wajen ƙarshen Oktoba, ba a buɗe ta sai bazara ta yi nisa. Mu a ƙarshen Satumba muka je. Daga garin Biriyanson muka tashi, wanda yake kan mita 1,326, muka yi kusan kilomita 28 na hawa mai sauƙi zuwa mashigin Lotare, mita 2,058. A nan akwai lambun tsirran kan tsauni da aka kafa tun 1899, abin da ya fara ja hankalina zuwa yankin ke nan. Daga Lotare kuma saura kilomita takwas da rabi zuwa ƙololuwa, kuma nan ne aikin yake.

Na yi shirin hawan nan sosai. Mako uku ina atisaye, na koyi sa keke a giya mafi sauƙi in riƙa juya feda a hankali maimakon in danna da ƙarfi, na ɗauki dabino da ruwa. Duk da haka na ji jiki. A wannan tsayin, iskar da mutum yake shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai ka ji kana haki kamar ka yi gudu alhali tafiyarka ba ta fi ta mai tura baro ba. Bishiyoyi sun ƙare, sai ciyawa da duwatsu. Na wuce dutsen tunawa da Henri Desgrange, mutumin da ya kafa gasar, na wuce bakin ramin da motoci suke bi ta ƙarƙashin dutsen, sannan na shiga kilomita ta ƙarshe wadda ta fi kowace tsayuwa. Na isa. Na yi hamdala, rigata sharkaf da gumi, ina jin zafi a jikina kamar ina Zariya a watan Afrilu.

Ko minti goma ban yi a tsaye ba jikina ya fara kaɗawa. Lissafin da ya kamata in yi tun a ɗaki, wanda na sani sarai a takarda, shi ne duk mita dubu da ka hau zafin iska yakan sauka da kusan digiri shida da rabi. Tsakanin Biriyanson da ƙololuwa ke nan an rasa fiye da digiri takwas, kafin a zo maganar iska mai kaɗawa da jiƙaƙƙiyar riga. Lokacin hawa jiki ne yake dafa kansa. A gangara kuwa ba ka taka komai, kana zaune ne kawai iska tana ratsa ka, gumin da ya taimake ka ɗazu ya koma abin da yake zuƙe maka ɗumi. Ni kuwa ba safar hannu mai kauri, ba rigar tare iska, ba busasshiyar riga a jaka. Duk na bar su a masauki don kada su yi mini nauyi wajen hawa.

Da na fara gangarowa, a lanƙwasar hanya ta uku ko ta huɗu yatsuna suka daina ji. Ina matsa birki amma ban san ko ya kama ba sai na ga keken ya rage gudu. Gefen hanya kuwa rami ne mai zurfi. Tsoron da na ji a wurin ban taɓa jin irinsa ba, na tsaya na sauka, haƙorana suna haɗuwa. Wani dattijo da ya biyo bayana a kan keke ya tsaya, ya dube ni, ya zaro jarida daga jakarsa ya nuna mini in cusa ta a ƙirji ƙarƙashin riga. Tsohuwar dabarar 'yan tseren keke ce, takarda tana tare iska tana kuma shan gumi. Ya sa na cusa hannuwana a hammata har jini ya dawo, ya nuna mini in riƙa matsa birki ina saki maimakon in riƙe shi gaba ɗaya, ya shiga gabana a hankali har Lotare. Ko sunansa ban tambaya ba, kuma har yau ina yi masa addu'a.

Na daɗe ina tuna ranar nan saboda ta nuna mini wani hali da nake da shi a aiki ban lura ba. Binciken wake nake yi. Shekara da shekaru duk ƙarfina yana kan gona: auna fili, shuka, feshi, ƙirga fure da kwanso. Ranar girbi sai in ji na gama. Akwai shekarar da na bar samfurin gwaji a buhuna buɗe a sito, ban tsaya na tabbatar ya bushe sosai ba, ban sa shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ba ya barin iska ta shiga ba. Da na dawo aunawa bayan makonni, ƙwaro ya huda rabinsa. Aikin damuna guda ya tafi. A lokacin ƙaddara na ce, kuma ƙaddarar ce, amma sai a gefen hanyar Galibiye na gane cewa sakacin iri ɗaya ne: na ƙarar da tunanina kan kaiwa sama, ban bar komai na dawowa ba.

Yanzu idan ɗalibi ya kawo mini tsarin aikinsa, ba shafin farko nake fara dubawa ba. Tambayarsa nake yi inda zai shanya, a me zai adana, wa zai auna, kuɗi nawa ya ware wa watanni biyun bayan girbi. Yawancinsu shiru suke yi. Wani ya taɓa ce mini, "Malam, ai wannan mai sauƙi ne, in mun kai can ma gani." Na ba shi kujera na ba shi labarin yatsuna da birki. Washegari ya dawo da takardar, ya ƙara shafi biyu, ya kuma rage filin da zai shuka da kashi ɗaya cikin uku domin kuɗin buhunan ajiya su fito.